Yaro Mai Naƙasa a Rabin Aji: Tambayoyin Iyaye da Malamai a Ƙauyukan Kano da Jigawa

Rabin aji shi ne ajin da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar ke zama kafin su shiga aji ɗaya na firamare. Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye, malamai da 'yan kwamitin makaranta suka fi maimaitawa idan aka zo maganar yaron da ke da wata lalura. An sa musu lamba domin wata amsar tana komawa ga wata.

1. Waɗanne yara ake nufi, kuma me shigar da su ke nufi?

Ana nufin yaron da ba ya tafiya ko yake tafiya da ƙyar, da wanda ba ya ji, da wanda ba ya gani sosai, da zabiya, da mai farfaɗiya, da wanda fahimtarsa ko maganarsa ta yi jinkiri. Shigar da shi ba rubuta suna a rajista ba ne kawai. Yaron da aka ajiye a ƙarshen tabarma tun safe har a tashi, ba a kira sunansa ba, ba a ba shi alli ba, yana cikin ɗakin amma ba ya cikin aji. Abin da ake so shi ne ya iso makaranta, ya samu wurin zaman da ya dace da jikinsa, ya yi waƙa da wasa da ƙirga tare da tsaransa, ya kuma iya kewayawa cikin sutura.

2. Hedimasta yana da ikon ƙin karɓar yaro saboda naƙasa?

Ba shi da shi. Dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama na kowa. Kano da Jigawa kowacce tana da tata dokar ta masu buƙata ta musamman. Kafin waɗannan, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta wajabta ilimin farko a kan kowane yaro.

Yawancin hedimastocin da ke cewa "ba mu da kayan aikin irinsu" ba mugunta ba ce, tsoro ne. Saboda haka kada a fara da faɗa. A je da shugaban kwamitin makaranta ko mai unguwa, a zauna a lissafa abin da yaron ke buƙata ɗaya bayan ɗaya (duba tambaya ta 6). Sau da yawa lissafin bai wuce abu uku ba. Idan duk da haka an ƙi, sai a rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a ajiye kwafi.

3. Ba gara a kai shi makarantar musamman ba?

Akwai su, kuma suna da amfani: makarantar Tudun Maliki a Kano ta kurame da makafi, da ta kurame a Haɗeja, da ta makafi a Limawa cikin Dutse. Amma ɗan shekara huɗu ko biyar bai kai a raba shi da uwarsa a kai shi makarantar kwana mai nisa ba, kuma gurbin da ke can bai isa yaran jihohin biyu ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, iyaye su ce sai ya girma za a kai shi birni, ya zauna a gida har ya kai shekara goma, daga nan sai a ga ya yi girma da aji ɗaya. Wasu a nan bara ke ɗauke su.

Ra'ayinmu shi ne ya fara a makarantar ƙauyensu. Yaron da ba ya ji kwata-kwata ko ba ya gani kwata-kwata yana iya buƙatar makarantar musamman daga baya, domin maganar hannu mai zurfi ko rubutun makafi, kuma wanda ya saba da aji tun yana ƙarami ya fi saurin kamawa idan ya je can.

4. Muna nema masa magani. Mu jira ya warke tukuna?

A'a, a haɗa biyun. Wasu lalurorin suna gyaruwa: ƙafar da aka haifa a lanƙwashe ana miƙar da ita da filasta da takalmi na musamman a asibitin ƙashi na Dala, yanar ido ana cire ta da tiyata, farfaɗiya tana lafawa da magani. Wasu kuwa ba sa gyaruwa. Idan doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya taɓa ƙwaƙwalwa, tabon yana nan, sai dai yaron yana koyo, kuma ya fi koyo a shekarun farko. Irin wannan yaro ne ake ce wa ɗan ruwa a wasu gidaje, a yi ta yawo da shi wurin masu magani. Ba ɗan ruwa ba ne, ɗan mutum ne da ya samu rauni a ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti kuma ba ya hana zuwa makaranta.

5. Yaya za a gane matsalar da ba ta fito a jiki ba?

Alamun da ya kamata su tayar da hankali tun a gida: bai zauna da kansa ba a wata tara, bai taka ba a wata goma sha takwas, ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ba ya waiwayowa idan an kira shi. A aji kuwa, malama ta lura da yaron da sai ya kalli abin da na kusa da shi ya yi sannan ya yi, da mai kanne ido ko kai fuska dab da allo, da mai yawan tuntuɓe.

Gwajin ji mai sauƙi: a ajiye kofi, takalmi da cokali a gabansa, a tsaya a bayansa tazarar hannu ɗaya, a toshe kunne ɗaya, a raɗa sunan abu a ce ya nuna, sannan a juya ɗaya kunnen. Kada a gwada da tafi ko buga ƙofa. Kurma yana jin motsin iska da girgizar ƙasa, yana ganin inuwa, sai ya waiwayo a ce ai yana ji. Gwajin gani: a rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, a tsaya mita uku daga gare shi, a ɗaga yatsu ko ƙaramin hoto. Duk wanda aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, a kai shi asibitin ido a wannan makon, kada a jira. Waɗannan gwaje-gwaje ba su isa yanke hukunci ba. Aikinsu su nuna wanda za a kai asibitin ƙaramar hukuma, daga can a tura shi inda ya dace, kamar asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin ido na ECWA a Kano.

6. Me za a yi kafin ranar farko?

Malama ta je gidan, ta zauna da uwar. Babu wanda ya san yaron kamarta. A tambaye ta: yaya yake nuna yana jin ƙishirwa ko fitsari, me ke tsorata shi, me yake so, wane magani yake sha kuma da ƙarfe nawa, wa yake jin maganarsa. A rubuta a littafi guda da aka ware masa. A shafi na gaba a sa buri uku kacal na zangon, waɗanda ido zai iya gani, misali: ya zauna da yara minti goma, ya nuna sunansa a kati, ya nemi banɗaki da kansa.

Sai a kawo shi makaranta da yamma lokacin da babu kowa, ya ga aji, ya taɓa tabarma, ya san inda randa take. Makon farko ya zauna awa ɗaya ko biyu tare da wani na gida, a riƙa ƙarawa. A sa rana da za a cika lokacin, domin "rabin yini" da ba a yi masa iyaka ba yakan zama dindindin.

7. Ba ya tafiya. Yaya zai iso, ya kuma shiga aji?

Hanya ita ce babbar matsala, musamman da damina ko inda yashi ke da zurfi. Keken guragu irin na asibiti mai siraran tayoyi yana nutsewa a yashi. Mai taya uku da masu walda ke ƙerawa a Kano ya fi jure hanyar ƙauye, amma ɗan shekara biyar ba shi da ƙarfin tuƙa shi nesa, sai an tura. Wasu gidaje da goyo, ko keke, ko amalanken maƙwabci suke kawo nasu, kuma babu laifi muddin an tsara wanda zai kai da wanda zai ɗauko. Yaron da ke jan jiki a ɗinka masa matashin gwiwa da na hannu daga tsohuwar taya.

Dakalin aji yana buƙatar gangara, kuma a nan birkiloli suka fi kuskure, suna yin ta a tsaye irin ta shigar da babur shago. Ƙa'idar ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Dakali mai santimita 30 yana son gangara mai santimita 360. Mai santimita 45 yana son 540. Faɗinta ya kai santimita 120, a ɗaga gefe biyu kamar santimita 10 don kada taya ta zame, a bar fili shimfiɗaɗɗe a bakin ƙofa inda keke zai juya. Kafin siminti ya bushe a ja tsintsiya a kai ta gicciye, domin mai santsi tana kayar da yaro idan ta jiƙe. Ƙofa ta kai santimita 90. Inda babu kuɗin siminti, jar ƙasa da tsakuwa da aka daɓe sosai suna aiki, sai dai a gyara bayan kowace damina.

8. Jikinsa yana sandarewa ko yana saki. Yaya zai zauna, ya riƙe alli, ya ci abinci?

Kada a kwantar da shi a gefe. Kafinta zai iya yin kujerar kusurwa: katako biyu a haɗe kamar lungun ɗaki su tokare bayansa da kafaɗu, ɗan guntun katako naɗe da soso a tsakanin cinyoyi don kada ya zame, da tebur ƙarami a gaba daidai gwiwar hannu. Idan yara a tabarma suke zama, kujerar ta zama ta ƙasa, idonsa daidai da nasu. Idan kujera mai ƙafa ce, tafin ƙafarsa ya taka wani abu, kada ya yi lilo. A canza masa zama duk bayan rabin awa. A je da shi sashen gashin ƙashi a auna shi kafin a buga, domin kujerar da ta yi masa yawa tana karkatar da baya.

Alli ko fensir a naɗe shi da robar tayar keke har ya yi kauri, haka ma mariƙin cokali. Wanda hannu bai ba shi dama ba, ya amsa da nuni ko da kallo tsakanin kati biyu. Da yawa daga cikinsu fahimtarsu lafiya lau take, baki da hannu ne ba sa bin umarni. Wajen ci, a zaunar da shi bayansa a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, loma ƙarama. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya. Kada a taɓa ɗura masa yana kwance, abinci na iya bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Yawan tari ko canjin murya lokacin ci alama ce ta a koma asibiti.

9. Banɗaki fa? Har yanzu bai iya riƙewa ba.

Wannan ne ke mayar da yara da yawa gida, ba a dai faɗa. Wanda ba ya iya tsugunno, a samo kujerar roba mai ƙarfi a yanke rami a tsakiya, a goge bakin, a ɗora ta a kan masai. A kafa bututun ƙarfe ko sanda mai kauri a gefe, daidai ƙugunsa, ya riƙa dafawa. Ramin masai kada ya yi faɗin da ƙafar yaro za ta faɗa. Ga wanda ke jan jiki, ƙasa mai tsabta ita ce komai, saboda haka ko a ware masa ɗaki ɗaya mai makulli, ko a ajiye fo a bayan labule.

A kai shi a lokuta tsayayyu: da isowa, bayan tara, kafin tashi. A ajiye wando biyu da leda a aji. A yarje tun farko wa zai taimaka masa, mutum ɗaya ko biyu da iyaye suka sani, yarinya kuma mace ce za ta kai ta. Yaron da ba ya iya magana ba ya iya kai ƙara, don haka wannan ƙa'ida ba ta da sassauci.

10. Ni malama ce, ban iya maganar hannu ba. Me zan yi wa kurma?

Malama, fara da abin da ke gida. Kowane kurma yana da alamun da suka ƙirƙira da uwarsa na ruwa, abinci, zo, tafi. Karɓi waɗannan. Sannan a nemi babban kurma a garin ko a kasuwar mako, wanda ya iya maganar hannu, ya riƙa zuwa aji ko da sau ɗaya a mako. A koya wa ajin gaba ɗaya alama biyar duk mako, ba shi kaɗai ba, in ba haka ba zai iya magana amma ba shi da abokin yi. Alamun makarantun kurame sun ɗan bambanta da maganar hannu ta gari, kuma wannan ba ya cutarwa. Abin da ke cutarwa shi ne ya kai shekara bakwai ba shi da harshe ko ɗaya. Maganar hannu ba ta hana mai sauran ji koyon magana da baki.

Ya zauna gaba, ɗan gefe, mita ɗaya zuwa biyu daga gare ki. Haske ya faɗo a fuskarki, kada ki tsaya taga tana bayanki, kada ki yi magana kina fuskantar allo, kuma ya riƙa ganin bakinki. Ihu ba ya taimako, yana ɓata siffar baki ne. Idan yana da na'urar ji, a duba ta kowace safiya: batir yakan ƙare cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙurar hunturu tana toshe bututun, kuma idan tana fito to robar kunnen ta yi masa kaɗan ko ba ta zauna ba. A ɓoye batiran, haɗiye su haɗari ne babba. Kunnen da ke zubar da ruwa a tsane shi da tsumma mai tsabta a kai asibiti, ban da ɗiga mai ko cusa gashin kaza.

11. Wanda ba ya gani, da zabiya?

Makaho da hannu da kunne yake koyo. A zaga da shi aji yana shafa bango, a bar kaya inda suke, ƙofa ta kasance a buɗe gaba ɗaya ko a rufe. A kira sunansa kafin a yi masa magana, a faɗi abin da ake rubutawa a allo da baki. Ƙirga da ƙwallon dabino, haruffa da igiya da aka manna a kwali. Rubutun makafi ɗigo shida ne, layi biyu na uku-uku, don haka kwalin ƙwai da aka yanka mai rami shida da 'yan duwatsu ya isa share fage.

Zabiya yawanci yana gani, amma ba sosai ba, kuma haske yana damunsa. Ya zauna gaba, nesa da taga, a yi rubutu manya da alli mai haske a allo baƙi ƙirin. A bar shi ya kai littafi dab da ido, ba ya ƙara lalata gani. Rana ce abokiyar gabarsa, tana jawo sankarar fata: malafa, riga mai dogon hannu, taron safe da wasa a inuwa. Gyambon da ya ƙi warkewa a kai asibiti.

12. Ba ya zama, ba ya bin umarni, wani lokaci ya yi ta ihu.

Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da gajeren zance, a nuna da hannu, a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita. A jera hotunan ayyukan yini a bango: addu'a, waƙa, ƙirga, tara, wasa, gida. Yaro mai lalurar otizim, wadda ke wahalar da shi wajen magana da cuɗanya da mutane, sauyin bazata ne ke birkita shi, sai a sanar da shi kafin a canza aiki. A ware lungu mai tabarma inda zai je ya huce, ba a matsayin horo ba.

Idan ihun ya yawaita, a yi mako guda ana rubuta lokacin da ya faru, abin da ya gabace shi, da abin da ya biyo baya. Sau da yawa sai a ga yunwa ce, ko ƙarar ƙararrawa, ko aikin da ya fi ƙarfinsa. Bulala ba ta koya masa komai sai tsoron makaranta. A tabbatar kuma an gwada jinsa (tambaya ta 5), domin kurame da yawa an daɗe ana ce musu masu taurin kai.

13. Idan farfaɗiya ta tashi a aji?

A janye benci da duk abin da zai buge shi, a sa mayafi a ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko magani, kada a yi masa hayaƙi. Ba ya haɗiye harshensa, cokali kuwa yana karya haƙori. Da jijjigar ta lafa, a juya shi a gefe yawu ya zubo, a zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko wannan ne karon farko, a tafi asibiti nan take.

Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. A faɗa wa yara wannan a fili. Maganin asibiti kullum ake sha, yanke shi kwatsam yana tayar da ciwon da ƙarfi, don haka a karɓo wani kafin na hannu ya ƙare. A kula da shi kusa da wuta, rijiya da kududdufi.

14. Yara sun cika aji, malama ɗaya ce, ga tsokana, ga iyayen da ke ƙorafi.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, kowa kuma ya san abin da ke ƙasa ya zarce haka. A raba yara rukuni na shida zuwa takwas, a ware wa yaron minti goma na kansa kullum lokacin da sauran ke aiki. A ba shi abokan zama biyu ko uku da ake sauyawa duk mako. Kada a cire yayarsa daga ajinta ta zama mai reno, an gyara ɗaya an ɓata ɗaya ke nan. Ƙungiyar iyaye mata tana iya tsara masu zuwa taimako bi da bi.

Tsokana daga bakin manya take farawa. Idan malama ta kira shi da sunansa, yara za su bi. A ba shi aiki a aji kamar kowa, ko raba alli, ko jan waƙa. Iyayen da ke tsoro kuwa, liman ya fi kowa iya yi musu bayani. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai yi tafiya.

15. Wa zai biya, kuma yaushe zai wuce aji ɗaya?

Kujera, sandar banɗaki da gangarar ƙasa aikin gayya ne da kwamitin makaranta zai iya. Keke, tabarau da na'urar ji sai an nema. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, tana ware wani kaso domin ilimin masu buƙata ta musamman, ta hannun takwararta ta jiha, SUBEB, yake bi, kuma makarantar da ba ta rubuta yaranta a ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ba, ba a san da su ba. Hedimasta ya cike wannan gurbin, kwamiti ya sa buƙatun a tsarin raya makaranta, a kuma tuntuɓi reshen ƙungiyar masu buƙata ta musamman na ƙaramar hukuma.

Ya wuce tare da tsaransa a shekara shida, ko da bai iya duk haruffa ba. Idan an ga maimaitawa za ta amfane shi, shekara ɗaya ta isa. Kafin hutun ƙarshen shekara, malamar rabin aji ta miƙa littafinsa (tambaya ta 6) ga malamin aji ɗaya hannu da hannu, kujerarsa da abokan zamansa su bi shi. Idan ɗakin aji ɗaya ba shi da gangara, a sauya ɗakunan, aji ɗaya ya dawo ɗakin da ke da ita.